Kwaɗon Da Ya Girmi Mabuɗinsa: Abin Da Tozon Bijimin Mubi Ke Ɓoyewa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Mubi ranar da take ci, ya san ba a koya wa dillali kallon sa. Ƙura na tashi, manyan motoci sun yi layi suna jiran lodin kudu, ga shanun da aka koro daga Kamaru da Chadi sun cika fili, amma tun daga nesa zai ɗaga sandarsa ya nuna maka: wancan bijimi ne, wancan dandaƙaƙƙe. Bai leƙa ƙarƙashinsu ba. Tozo ya duba, da kaurin wuya, da yadda ɗaya ke tonon ƙasa da kofato yana huci, ɗayan kuwa ya tsaya shiru yana tuƙa. Ko Gudali ne, ko Rahaji mai dogon ƙaho, ko farin Bunaji, alamar ba ta sauyawa.

Makiyayi ya san wannan tun kaka da kakanni. Ka dandaƙe maraƙi, sai ya tashi da sanyin hali, ya karɓi garma, ya tara kitse. Ka fiɗiye bunsuru, warinsa ya tafi, ya koma taure. Abin da makiyayi bai tsaya tambaya ba shi ne: ta yaya 'yan maraina biyu da ke can ƙasa suke aika umarni har zuwa tozo da wuya da zuciya? Kuma me ya sa dabarar nan take aiki a jikin sa, da rago, da zakara, har da kifi? Amsar ta ɗauki masana fiye da shekara ɗari da hamsin, ta kuma kai su zamanin da babu saniya, babu ciyawa, babu ko wata dabba mai ƙafa a bayan ƙasa.

Saƙon da ke bin jini

A shekarar 1849 wani likita Bajamushe mai suna Arnold Berthold, a garin Gottingen, ya fiɗiye wasu 'yan zakaru. Kamar yadda kowace mai kiwon kaji za ta yi tsammani, zankonsu ya ƙanƙance, suka daina cara, suka daina bin kaji. Sai ya ɗauki maraina ya dasa wa wasunsu a cikin ciki, kusa da hanji. Zanko ya dawo, cara ta dawo, faɗa ya dawo. Da ya buɗe su daga baya, ya tarar marainan sun kama, jini na shiga yana fita, amma babu jijiyar saƙo da ta haɗa su da sauran jiki. Ashe umarnin ta jini yake bi.

Sai a 1905 aka raɗa wa irin waɗannan 'yan aike suna, aka ce musu homon. Kamo su kuwa ya zama jan aiki. A 1935, a birnin Amsterdam, ayarin Ernst Laqueur ya tattara marainan bijimai kimanin kilo 100 daga mayanka, aka yi ta tacewa, daga ƙarshe aka samu miligiram 10 kacal na wani farin gari, wanda bai kai nauyin ƙwayar dawa ba. Shi ne testostiron, mai gina tozo.

Testostiron ɗa ne a wani gida da ake kira sitiroyid. Duk 'yan gidan daga kolestarol jiki ke ƙera su, wato kitsen nan da likitoci ke gargaɗi a kan yawansa, kuma dukansu ginshiƙinsu ɗaya: zobba huɗu a manne da juna. Ɗan abin da aka rataya a gefen zoben ne ke bambanta su. Akwai istirojin, mai kawo wa karsana neman barbara, da furojestiron, mai riƙe ciki, da testostiron. Sai biyu da ke fitowa daga wata 'yar tsoka mai kama da hula a saman ƙoda: kotisol, wanda ke tashi lokacin tsoro da yunwa da ciwo ya tara wa jiki sukari, da aldostiron, mai hana gishiri da ruwa zurarewa cikin fitsari.

Ana ƙera su ne daki-daki, kamar yadda gyaɗa ke zama tunkuza, tunkuza ta ba da mai da ƙuli. Daga kolestarol a samu furojestiron. Daga wannan reshe a samu kotisol da aldostiron. A ci gaba a samu testostiron. Sannan wani ma'aikaci mai suna aromatas ya ɗan gyara testostiron ya zama istirojin. Ma'ana, sinadarin da ake cewa na mata daga na maza ake yin sa, kuma shi ne na ƙarshe a layi. A riƙe wannan, za a dawo gare shi.

Ba a shiga sai da kwaɗo

Jini na kai saƙo ko'ina, amma ba ko'ina ake amsawa ba. A 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Chicago ya yi wa istirojin alama, ya ba ɓeraye mata, ya bi sawunsa. Ya wuce ta tsoka bai daɗe ba, amma da ya isa mahaifa sai ya maƙale. Akwai abin da ke cafke shi a can. Wannan abin shi ne makarɓi, wani furotin da ke zaune a cikin ƙwayar halitta. Sitiroyid dangin mai ne, saboda haka yakan ratsa bangon ƙwayar cikin sauƙi. Idan ya tarar da makarɓinsa sai ya shige wani ɗan aljihu da ke jikinsa, makarɓin ya sauya siffa, ya je ya dafe a kan kundin gado, ya buɗe wasu shafuka ya rufe wasu.

Misalin da malamai suka fi so shi ne na kwaɗo da mabuɗi. Homon ne mabuɗi, makarɓi ne kwaɗo. Mabuɗin da babu kwaɗonsa ƙarfen banza ne, haka ma kwaɗon da ya rasa mabuɗi.

A tsakiyar shekarun 1980 aka fara karanta rubutun waɗannan makarɓa: ayarin Ronald Evans a Amurka ya karanta na kotisol a 1985, na Pierre Chambon a Faransa ya karanta na istirojin a 1986, a 1996 kuma Jan-Ake Gustafsson a Suwidin ya gano ashe na istirojin biyu ne. Jimilla shida ke nan a jikin mutum: biyu na istirojin, sai ɗai-ɗai na furojestiron, testostiron, kotisol da aldostiron. Shidan nan suna nan a jikin saniya, da akuya, da zakara. Da aka jera rubutunsu gefe da gefe kuwa, kamannin sun yi yawa, irin na 'yan ɗaki ɗaya. A nan tambaya ta taso: idan kwaɗo da mabuɗi ba sa amfani sai tare, wanne aka fara samu?

Tono a jikin kifi

Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan tambaya shi ne Joseph Thornton, Ba'amurke, wanda ya yi yawancin aikin a Jami'ar Oregon kafin ya koma Chicago. Shi da abokan aikinsa masu nazarin juyin halitta ne, wato yadda jinsunan halittu ke sauyawa suna rarrabuwa a tsawon zamani. Mai imani zai iya karanta sakamakonsu a matsayin leƙe cikin yadda aka tsara halitta. Su dai abin da suka auna a ɗakin gwaji suka bayyana.

Thornton ya fara da lamfiri, wani kifi mai kama da maciji da ke ƙasashen sanyi, wanda ba shi da muƙamuƙi, bakinsa zagaye ne kamar na matsattsaku. Zuriyarsa ta rabu da ta sauran masu ƙashin baya kimanin shekara miliyan 500 da suka wuce. A 2001 ya bayyana makarɓa iri uku a jikinsa: na istirojin, na furojestiron, da guda ɗaya da ke tsaye a madadin na kotisol da na aldostiron. Bai samu na testostiron ba. Sai a dangin kifin shak, masu muƙamuƙi, ake fara ganin gidan ya cika.

Ina ƙarin ya fito? Tun a 1970 wani masani Bajafane, Susumu Ohno, ya ce a farkon tarihin masu ƙashin baya kundin gadonsu ya ninku baki ɗaya, kuma binciken da ya biyo baya ya tabbatar an yi ninkin har sau biyu. Kwatanta shi da ɗan kasuwa mai rumfa ɗaya da ya wayi gari da huɗu. Ɗaya ta ci gaba da tsohuwar sana'a don kada gida ya kwana da yunwa, sauran kuwa ya samu sararin gwada sabon kaya a cikinsu. Tun kafin ninkin makarɓi ɗaya ya riga ya zama biyu, da ninkin ya zo sai ɗayan ya haifi na istirojin guda biyu, ɗayan ya haifi huɗun da suka rage.

Daga nan suka yi abin da ya ba duniyar kimiyya mamaki. Kamar yadda malamin da ya tara tsofaffin kwafe-kwafen littafi ɗaya zai iya gano yadda rubutun asali yake ta hanyar kwatanta kurakuran masu kwafa, haka suka kwatanta makarɓan dabbobi masu yawa, suka lissafo rubutun kakansu, suka ƙera shi a ɗakin gwaji, suka miƙa masa mabuɗai ɗaya bayan ɗaya. A 2003 suka sanar da sakamako: kakan makarɓan duka, wanda aka ƙiyasta ya haura shekara miliyan 600, istirojin yake amsa wa. Sun kuma samu danginsa a jikin wata halittar teku 'yar gidan su dodon koɗi, abin da ya nuna gidan ya girmi ƙashin baya kansa.

Ga inda layin ƙira ya shigo. Tunda istirojin ne na ƙarshe a layi, duk dabbar da ke ƙera shi dole ta bi ta kan furojestiron da testostiron. Suna nan ke nan tun farko, 'yan rakiya marasa aikin yi, sai da sababbin makarɓa suka bayyana suka ɗauke su aiki. Har yanzu masana na jayayya kan ainihin sinadarin da kakan ke karɓa a zamaninsa, amma sun yarda a kan cewa sauyin bai buƙaci rushe gini ba. Furotin kamar carbi yake, duwatsu ne ɗaruruwa a jere. A 2013 ayarin Thornton ya nuna cewa sauya duwatsu biyu kacal ya isa ya juya makarɓin daga son istirojin zuwa son sauran 'yan gidan.

Gaiwa da sirrin gishiri

Labarin aldostiron ya fi kowanne daɗi, kuma shedarsa na kwance a cikin taɓon fadamunmu.

Idan rani ya yi nisa, Kogin Yedzeram da ya ratsa Mubi ya koma yashi, fadamun yankin Tafkin Chadi da na Binuwai suka tsage, akwai kifin da ba ya mutuwa. Gaiwa takan nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta da majina da ke bushewa ta zama kamar jaka, ta bar ɗan rami tana shaƙar iska, domin tana da huhu. Wata da watanni tana nan, tana rayuwa da tsokar jikinta, har damina ta faɗi. A cikin kifayen da ke raye a yau, dangin gaiwa ne suka fi kusa da dabbobin tudu, kuma a jikinsu ake fara cin karo da aldostiron. Tarwaɗa da karfasa ba sa ƙera shi. Kotisol ne ke yi musu aiki biyu, na damuwa da na gishiri. Amma abin mamaki, suna da makarɓin aldostiron a jikinsu. Ga kwaɗo, babu mabuɗi.

A 2006 Jamie Bridgham da Sean Carroll da Thornton suka farfaɗo da kakan makarɓan kotisol da aldostiron, mai kimanin shekara miliyan 450. Da aka miƙa masa aldostiron, sai ya buɗe, alhali a zamaninsa babu wata halitta da ke ƙera aldostiron. Sai bayan miliyoyin shekaru ya bayyana. Dalili shi ne aljihun an yi shi ne don wani tsohon sinadari mai kama da aldostiron, kuma aljihun na da yalwa. Da sabon mabuɗi ya zo, ya tarar da kwaɗo na jiransa.

Amfanin wannan ya fito fili lokacin da masu ƙashin baya suka fara hawa tudu, kimanin shekara miliyan 370 da suka wuce. A tudu, gishiri da ruwa dukiya ce da ake tsaro. Makiyayin da ke ba shanunsa kanwa ya san yadda suke rububinta. Mai azumi kuma, a zafin watan Afrilu na Mubi, da la'asar ta yi fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, aldostiron na cikin masu gadin da ke tsaye a ƙodarsa suna mayar da gishiri cikin jini, ruwa na bin sa.

Tsohon halin nan na yalwar aljihu bai bar mu ba har yau. Makarɓin aldostiron na jikin mutum yana amsa wa kotisol ma, kuma kotisol ya ninka aldostiron yawa a cikin jini sau ɗari ko fiye. Da an bar su, da ƙoda ta yi ta tara gishiri har hawan jini ya kama kowa. Sai aka ajiye wani ma'aikaci a bakin ƙofa, yana kashe kaifin kotisol kafin ya isa. Gyara ne irin na mai tsohon gida: ba a rushe ɗaki ba, an dai ƙara masa dogari.

Shi kuwa makarɓin kotisol ya bi tasa hanyar, ya ƙuntata aljihunsa. A 2009 ayarin Thornton ya gwada mayar da shi baya, suka warware muhimman sauye-sauyen da suka mai da shi na kotisol zalla. Maimakon ya koma irin na da, sai ya mutu murus, domin wasu sauye-sauye biyar da suka biyo baya sun riga sun cire ginshiƙan da tsohuwar siffar ke dogara da su. Bakin alƙalami ya bushe.

Tsohon ma'aikaci, sabon aiki

Bahaushe ya kira abin kulle ƙofa da sunan kwaɗon ruwa, ga shi kuma kwaɗon ruwan na da nasa darasi a nan. Furojestiron da ke riƙe cikin saniya wata tara ya girmi mahaifa nesa ba kusa ba: a jikin kwaɗo shi ne ke nunar da ƙwai, a jikin tarwaɗa ma wani ɗan'uwansa ne ke yin haka. Jan gwada da ke ɗaga kai a kan katanga, jan kansa da shuɗin jikinsa aikin sinadaran maza ne, kamar tozo, kamar zanko. A wajen kada kuwa, zafin ramin da aka binne ƙwai ne ke yanke ko namiji za a ƙyanƙyashe ko mace, kuma istirojin na da hannu dumu-dumu a wannan hukunci.

Kotisol da ɗan'uwansa na jikin kwaɗi suna taya sinadarin maƙoshi mayar da talibambam kwaɗo, ya bar numfashin ruwa ya koma na iska. A ƙarshen shekarun 1960 wani likita a New Zealand, Graham Liggins, yana binciken abin da ke tayar da naƙuda a jikin tumaki, sai ya lura cewa 'yan tumakin da aka haifa kafin lokaci bayan an ba su irin wannan sinadari huhunsu na buɗewa. A 1972 shi da Ross Howie suka tabbatar da haka a jikin mata masu naƙuda kafin lokaci. Wani babban gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka fitar a 2020, wanda asibitocin Najeriya ke ciki, ya nuna allurar deksametason, wani magani mai aiki irin na kotisol, ga irin waɗannan mata na rage mutuwar bakwaini. A shekarar ce kuma aka gano a Ingila cewa maganin na rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Har ƙasarmu ta taɓa shiga labarin. Bayan wani likita, Philip Hench, ya ba wata mai ciwon gaɓoɓi kotison, ɗan'uwan kotisol, a 1948 ta miƙe cikin 'yan kwanaki, duniya ta rasa inda za ta samu isasshen maganin, domin daga matsarmamar shanu ake haɗa shi da ƙyar. Sai aka turo masu bincike Afirka ta Yamma neman 'ya'yan kwankwani, itacen da maharba ke dafa dafin kibiya da shi, saboda akwai sitiroyid a cikinsa. Daga ƙarshe doyar dajin Meziko da waken suya ne suka ci kasuwar.

Kwaɗon da ke buɗe wa baƙo

Kwaɗo mai yalwar aljihu ba ya tambayar mabuɗi daga ina ya fito. A shekarun 1940 tumaki a yammacin Ostireliya suka daina haihuwa saboda wata ciyawa mai sinadari kama da istirojin. Masarar da ta yi fumfuna na iya ɗaukar wani dafi mai irin wannan aiki. A Kanada masana sun zuba ɗan mitsitsin istirojin na ƙwayar tazarar haihuwa a wani tafki na gwaji, a 2007 suka ba da rahoton cewa mazajen wani ƙaramin kifi sun koma kamar mata, jinsin ya kusa ƙarewa daga tafkin. Masu kiwon karfasa a ƙasashe da dama kuwa da gangan suke cakuɗa wani nau'in testostiron a abincin 'ya'yan kifi na 'yan makonni, don su tashi duk maza, masu saurin girma.

Nan gida, baƙon mabuɗin da ya fi yawo shi ne deksametason da danginsa. Yana cikin ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, wasu danginsa kuma suna cikin mayukan bilicin. Ƙarfinsa ya ninka na kotisol sau ashirin da biyar ko fiye. Idan aka daɗe ana sha, jiki na ɗauka yana cikin tashin hankali marar ƙarewa: fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, fata ta yi laushi ta tsage da nankarwa, ƙashi ya yi rauni, ciwon suga da hawan jini su samu ƙofa, garkuwar jiki ta kwanta. 'Yar hular da ke saman ƙoda kuwa, da ta ga an cika jini da na kanti, sai ta daina ƙera nata. Shi ya sa wanda ya daɗe a kai bai kamata ya yanke rana ɗaya ba. Likita ne zai sauko da shi sannu a hankali, in ba haka ba jini na iya faɗuwa har a rasa rai.

Dabba ma haka. Allurar da ke sauke kumburin sa ta sa ya ji daɗin cin abinci, ita ce idan aka yi wa saniya mai tsohon ciki za ta iya sa ta zubar da ɗan, domin a jikin shanu da tumaki tashin kotisol na ɗan tayi ne ke buga ƙararrawar naƙuda. Mai shagon magani a bakin kasuwa yana iya ajiye kwalbar dabbobi a kanta ɗaya, ƙwayar mutane a wata, amma kwaɗon da za su buɗe iri ɗaya ne.

Da yamma, idan ciniki ya faɗa, an ce "na sallama", dillali ya karɓi la'adarsa, yara na kora shanu suna hawa mota. Bijimin nan mai tozo zai kwana biyu ko uku a tsaye, cikin ƙishi da girgizar hanya, kafin ya isa Legas ko Fatakwal. Duk tsawon tafiyar kotisol zai riƙa tatso masa sukari daga tsokarsa, aldostiron na tare masa ɗan gishirin da ya rage. Yaron motar da ke zaune a saman katako yana gadinsa, leɓensa a bushe, idonsa ja don rashin barci, su biyun nan ne ke riƙe da shi shi ma.